Ciwon mafitsara mai yawan dawowa: ina aka kwana a batun riga-kafi?

Tambaya: Likita, sau huɗu ke nan a bana ina fama da zafin fitsari da ciwon mara. In na sha magani ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Na ji wai ana haɗa riga-kafi daga furotin ɗin ƙwayar cutar kanta. Da gaske ne?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Da gaske ne, sai dai aikin bai fita daga matakin gwaji ba tukuna.

Kusan kashi 75 cikin 100 na wannan ciwo ƙwayar E. coli ce ke jawo shi, daga hanji take tasowa. Da fitsari ne zai wanke ta, to amma jikinta akwai wasu siraran gashi, a bakin kowanne akwai furotin mai suna FimH. Shi ne ke liƙe wa wani nau'in sukari da ke bangon mafitsara, kamar yadda ƙarangiya ke kama zane. In aka koya wa garkuwar jiki ta gane FimH, sai ta toshe bakinsa, ƙwayar ta rasa abin kamawa, fitsari ya yi gaba da ita. A ganina nan fata ta fi ƙarfi. Tun 1997 aka nuna dabarar tana kare ɓeraye, a 2021 kuma aka wallafa gwajin matakin farko a kan mata a Amurka, ya nuna jikinsu ya karɓi allurar ya kuma samar da garkuwa. Ko tana hana ciwon dawowa, wannan sai babban gwaji.

Wata hanyar ita ce a bar ƙwayar da yunwa. Fitsari ba shi da wadatar sinadarin ƙarfe, don haka ƙwayar na da wasu furotin, irin su IreA da Hma, da take wawuso shi da su. Masu bincike a Jami'ar Mishigan sun gwada su a matsayin riga-kafi a kan ɓeraye a 2009, an kuma ga kariya.

Abin da ke kawo tsaiko shi ne dole garkuwar ta isa cikin mafitsarar, ba ta tsaya a jini ba, ga shi ƙwayar na iya tuɓe gashin nan in ta ga dama.

Ke kuma, ciwo sau uku a shekara ya isa a kira shi mai dawowa. Kafin ki sake shan wani antibayotik, don Allah ki je a shuka fitsarinki a ɗakin gwaji, a ga wace ƙwaya ce da maganin da ke kashe ta, a kuma duba sukarin jininki.