Filin Tambayoyinku: Me ya sa manhajata ke tsayawa, alhali Python na kwashe shararta da kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta manhaja da Python wadda ke buɗe fayilolin rasit na wani shago tana tara lissafi. Da fayil ɗari lafiya lau, amma da ta kai wajen dubu sai ta tsaya da saƙon "Too many open files". An koya mana cewa Python na share abin da aka gama da shi da kanta. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Nima, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da aka koya maka gaskiya ne, sai dai bai cika ba. Mai kwasar shara, wanda masu rubuta manhaja ke kira GC, memori kaɗai yake gadi. John McCarthy ne ya ƙirƙiro shi wajen 1959 domin yaren Lisp, kuma aikinsa tun lokacin ɗaya ne: ya nemo abin da babu sauran mai riƙe da shi a memori, ya karɓe gurbinsa. Kamar mai aboboya ne da ke zagaya unguwa yana kwasar bola: zai ɗauke abin da ka fitar idan ya zo, amma famfon da ka bari a buɗe a tsakar gida ba ruwansa da shi.

Fayil buɗaɗɗe ba memori kawai yake ci ba. Duk fayil ɗin da ka buɗe, Linux na ba ka lamba ɗaya, kuma a yawancin injuna iyakar kowace manhaja 1024 ce. Uku daga ciki sun riga sun tafi tun farawa, na shigarwa da fitarwa da saƙon kuskure. Shi ya sa taka ke mutuwa a wajen dubu.

Python ɗin da aka fi amfani da ita, CPython, tana ƙirga masu riƙe da kowane abu, idan ƙirgen ya sauka sifili sai ta rufe fayil ɗin nan take. Wannan ne ke ɓoye kuskuren mutane da yawa. Amma idan ka zuba fayilolin cikin jeri, ko abubuwa biyu suka riƙe juna, ƙirgen ba zai sauka ba. A PyPy ma, wani nau'in Python ɗin, babu wannan ƙirgen sam.

Ka fara da `ulimit -n` don ganin iyakarka. Sannan yayin da manhajar ke gudu, ka buga `ls /proc/1234/fd | wc -l`, kana sa lambar da Linux ya ba manhajarka mai gudu, wato PID, a madadin 1234. Idan adadin na hawa ba ya sauka, to ka kama ɓarawon. Maganin shi ne `with open(suna) as f:`, wanda ya shigo Python tun 2.5 a 2006. Da zarar an fita daga shingen `with`, fayil ya rufu, ko an gama lafiya ko kuskure ya faɗo a tsakiya. Ka karanta abin da kake so, ka adana bayanin, ka saki fayil ɗin. Idan ka kunna manhajar da `python -X dev` za ta riƙa nuna maka fayilolin da aka yasar ba a rufe ba. Wasu za su ce ka ɗaga iyakar zuwa 65535. Ba mu ba da wannan shawarar ba, domin ɗage ranar mutuwar kawai ka yi.

Tambaya: Sabar da muke kula da ita da Java aka rubuta ta. Takan yi awoyi tana aiki, sai ta daskare, kowace buƙata ta jira daƙiƙa 30 ta faɗi. Memori kuwa bai ko kai rabi ba. Wani ya ce mu rufe layin rumbun bayanai a cikin `finalize`. Mu yi? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Malama, kada ku yi. Daƙiƙa 30 ɗin nan ta yi kama da ta HikariCP, mai ajiye layukan haɗi da rumbun bayanai yana ara wa manhaja, wanda idan ba a canja saitinsa ba layi 10 yake ajiyewa, kuma daƙiƙa 30 yake jira kafin ya haƙura. Abin da ya fi yawan jawo haka shi ne a rubuta `close()` a ƙarshen aiki, sai kuskure ya faɗo kafin a kai wurin. Kuskure ɗaya, layi ɗaya ya salwanta. Kuskure goma, sabar ta tsaya cak. GC ba zai cece ku ba, domin a wurin HikariCP layin yana hannun wanda ya ara har yanzu, jira yake a dawo da shi.

Shi `finalize`, aikin da Java ke kira kafin GC ya kwashe abu, babu alkawarin lokacin da zai gudana, babu ma alkawarin zai gudana. Idan memori na da yalwa, kamar naku, GC na iya daɗewa bai motsa ba. `System.gc()` ma, da ake kiran GC da shi, roƙo ne, ba umarni ba. Masu Java da kansu sun ba da shawarar a daina amfani da `finalize` tun Java 9 a 2017, a Java 18 kuma suka sa shi cikin abin da za a cire.

Ku sa `Connection` da `PreparedStatement` da `ResultSet` duka a bakan `try`, tsarin da ya zo da Java 7 a 2011. Yana rufe su daga na ƙarshe zuwa na farko. Domin gano inda ake zubarwa, ku sa saitin HikariCP mai suna `leakDetectionThreshold` a 5000, wato daƙiƙa 5, zai rubuta muku wurin da aka ari layin da ya daɗe bai dawo ba. Ƙara yawan layuka ba mafita ba ne, rumbun bayanai na PostgreSQL ma layi 100 yake karɓa a saitinsa na asali.

Tambaya: To ba gara kowa ya koma C++ ko Rust ba? Daga wani mai karatu a Sabon Zango, Accra.

Amsa: A wannan fannin sun fi tsafta, babu musu. A C++ akwai tsarin RAII na Bjarne Stroustrup, a Rust akwai `Drop`: abu na fita daga shingensa, fayil ko makullin da ke hannunsa ya saku, ba sai an tuna ba. Amma su ma suna da raminsu. `shared_ptr` biyu a C++ ko `Rc` biyu a Rust, masu ƙirga riƙo irin na CPython, da suka riƙe juna ba za su taɓa sakuwa ba, sai an mai da ɗaya `weak_ptr` ko `Weak`. Ra'ayinmu, mai rubuta manhajar shago ko makaranta bai da dalilin barin yarensa saboda wannan. C# na da `using`, Go na da `defer`. Masu Go su kula: `defer` sai ƙarshen aikin gaba ɗaya yake gudana, ba ƙarshen kowane zagaye ba, don haka wanda ya sa shi cikin `for` mai zagaye dubbai zai gamu da irin matsalar ɗan'uwanmu na Nima.

Tambaya: Idan dumso ya ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu fa? Daga wani mai shagon kwamfuta a Asawase.

Amsa: Alhaji, a nan babu wanda zai gudana, ko `with` ko `Drop` ko GC. Haka ma idan aka kashe manhaja da `kill -9`. Kuma rufe fayil bai nuna bayanin ya sauka kan faifai ba, yana iya zama a memorin Linux tukuna. Idan bayanin na kuɗi ne, ka rubuta shi a sabon fayil na wucin gadi a cikin folda ɗaya da na asali, ka kira `f.flush()`, sannan `os.fsync(f.fileno())`, ka rufe, daga nan ka ɗora shi kan tsohon da `os.replace`. Wuta ta tafi a ko'ina, za ka tarar da tsohon ko sabon a cike, ba rabi da rabi ba. Idan rubutun ya yi yawa, ka koma SQLite, ƙaramin rumbun bayanai, ka haɗa duk canjin da ke tafiya tare a ƙarƙashin `commit` ɗaya, wato umarnin da ke tabbatar da su gaba ɗaya.