Me ya sa alamar > take juyawa?

Ɗan'uwa daga Garwa da ke shirin jarrabawar BEPC (ta kammala ƙaramar sakandare) ya tambaya: ya warware −2x + 5 > 11, ya samu x > −3, malam ya soke. Ina kuskuren?

Ƙanena, farkon aikinka daidai ne. Ka cire 5 daga kowane ɓangare, ya rage −2x > 6. Wajen rabawa da −2 ne ka zame. Duk sanda ka raba ko ka ninka da lamba mai ragi, dole alamar ta juya, sai ya zama x < −3. Dalili kuwa, 2 bai kai 5 ba, amma −2 ya fi −5. Mai bashin 2 ai ya fi mai bashin 5 sauƙi. Tarawa da ɗebewa ba sa juya komai.

Gwada da kanka. Sa x = 0, wanda ya fi −3, za ka samu 5 > 11, ƙarya. Sa −4, wanda bai kai −3 ba, ya ba da 13 > 11, gaskiya.

A zane, ja layin lambobi, ka sa alama a −3. Amsoshin suna hagu. Tunda babu "daidai da", −3 ba ya ciki, sai bakan da ke rufe amsar, wato [, ya juya masa baya: ]−∞, −3[. Wasu malamai ɓangaren da ba amsa ba suke karcewa, don haka rubuta a ƙasa wanne ka karce.