Tambaya da Amsa: Shin akwai maganin "enzayim" da ke kare ƙoda bayan zubar jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ƙanwata ta zubar da jini sosai wajen haihuwa. An yi mata ƙarin jini, amma fitsari ya ɗauke, kiriyatinin (dattin jini da ake aunawa don sanin aikin ƙoda) ya hau, har an yi mata wankin ƙoda sau biyu. Na karanta cewa akwai enzayim (sinadarin da ke hanzarta ayyukan cikin jiki) da ke kare ƙoda daga irin wannan rauni, ga shi wani ya kawo wa mijinta kafso mai tsada wai shi ne. Mu saya? Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba ta lafiya, Ya raya jariri. Kada ku saya.

Abin da kika karanta yana da tushe. Raunin kashi biyu ne: lokacin da jini ya yanke wa ƙoda, da lokacin da ya dawo. Dawowar ma tana ɓarna, domin maitokondiriya, wato injinan samar da kuzari na ƙwayar halitta, da suka sha yunwar iskar oksijin sai su fesar da guba a cikin ƙwayar halitta. A nan ne enzayim masu kai saƙo irin su PI3K da Akt da ERK suke shiga, su hana ƙofar maitokondiriya buɗewa, ƙwayar ta tsira. Tun 1986 masu bincike Murry da Jennings da Reimer suka nuna a zuciyar karnuka cewa ɗan tsayar da jini na minti biyar-biyar kafin babban yankewa yana rage ɓarna. An gwada dabarar a mutane ta hanyar matse dantse da robar awon hawan jini. A 2015 binciken Zarbock a Jamus, kan mutum 240 masu tiyatar zuciya, ya ga raunin ƙoda ya sauko daga kashi 52.5 zuwa 37.5 cikin ɗari. A shekarar kuma manyan bincike biyu, ERICCA da RIPHeart, ba su ga amfani ba. Ki lura, duk wannan kafin rauni ake yi, ita kuwa ƙanwarki raunin ya riga ya faru.

Su waɗannan enzayim a cikin ƙwayar ƙoda ake ƙera su, a can suke aiki. Duk enzayim ɗin da aka haɗiya furotin ne, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da tsoka. Mai kafson nan kuɗin bawan Allah kawai yake so.

Amma abin da ya fi ƙona min rai, wanda nake gani kusan kullum, shi ne yadda muke kashe kariyar da hannunmu. Idan jini ya yi ƙaranci, enzayim ɗin COX yana sa ƙoda ta samar da sinadarin furostagilandin, wanda ke buɗe jijiyar da ke shigar da jini cikin matatarta. Magungunan kashe ciwo irin su diklofenak da ibufurofen da firoksikam aikinsu ke nan toshe COX. Mai jego ta zubar da jini, tana kukan ciwon mara, sai a aika yaro kemis, a zo a yi mata allurar diklofenak safe da yamma, wani ma ya haɗa da jentamaisin, maganin ƙwayoyin cuta da shi ma kan illata ƙoda. Idan fitsari ya ragu sai a ce ƙoda ce ta yi datti, a kawo jiƙo a gora, baƙi ƙirin, ba wanda ya san abin da aka zuba. Ƙoda ba tukunya ba ce da za a cuɗe ta. Sai mace ta kumbura, numfashi ya gagara, sannan a kwaso ta a kawo mana cikin dare, a ce ai sammu ne. Ku ji tsoron Allah, masu kemis da masu tallar magani a mota, rai ne a hannunku.

Irin wannan rauni yakan warke, galibi cikin mako ɗaya zuwa uku, kodayake zubar jinin haihuwa wani lokaci yana barin tabo mai ɗorewa, don haka a ci gaba da bibiya ko bayan sallama. Ke kika san aikin: ki riƙa auna fitsarinta da abin da ta sha kina rubutawa, a duba sinadarin fotasiyam na jininta a kai a kai, kada a tsallake ranar wanki. Ki je gidan da kanki ki kwashe duk ƙwaya da gorar da dangi suka kawo, ki nuna wa likitanta.