Amsa: Yada zangon awa 11 a Santambul tare da dattijo, shatar mota ta dace?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa jirginku zai yada zango na awa 11 a Santambul, kana tare da Baba, kuma kana shawarar ɗaukar shatar mota ku leƙa gari ku dawo. Sau uku na yi irin wannan fitar, biyu daga ciki da mahaifiyata, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Da dattijo, shatar ta dace. Amma kafin ka biya kowa, ka tabbatar fasfonku da bizarku sun ba ku damar fita daga filin jirgi, domin shiga gari shiga ƙasar Turkiyya ce, sai an buga muku hatimi. Ka kuma duba tikitinka: Santambul filin jirgi biyu gare ta. Babban, wanda aka koma cikinsa a 2019, yana ɓangaren Turai can kusa da Baƙin Teku. Sabiha Gökçen kuma yana ɓangaren Asiya. In jirgin tashi ba a filin da kuka sauka yake ba, lissafin gaba ɗaya ya canja.

To ga inda mutane ke ruɗuwa. Awa 11 ɗin nan a takarda take. Babban filin faɗi gare shi ƙwarai, daga bakin jirgi zuwa wurin jami'an shige da fice tafiya ce mai nisa, ga layi. Cire awa ɗaya da rabi. Zuwa tsohon gari ya haura kilomita 40, awa guda ke nan idan hanya ta yi kyau. Dawowa ka ware awa ɗaya da rabi ko biyu, don garin mutum sama da miliyan 15 ne, kuma cunkoson yamma ba ya jin magiya. Sannan ku kasance a filin jirgi awa uku kafin tashi. Abin da ya rage a hannunku bai wuce awa huɗu ba. Tun yanzu ka nemi kamfanin jirgi ya tanadar wa Baba keken turawa ko da yana tafiya da ƙafarsa. Yana rage wahala, yana kuma rage lokaci.

Kuskurena na farko haɗama ce. Na rubuta wa direba wurare biyar, har da tsallaka gada zuwa ɓangaren Asiya. Shi kuma bai ce min a'a ba. Muka ƙare kusan rabin lokacinmu a cikin mota, Hajiya mahaifiyata tana kallon teku ta gilashi tana jan carbi, ni kuma idona na kan agogo. Har yau abin yana min ciwo, domin ita wuri ɗaya tak ta roƙa, kuma a gurguje muka kai ta.

Wurin shi ne Eyüp Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda, wanda Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa lokacin hijira zuwa Madina. A zuwa na biyu da shi muka fara, kuma shi nake ba ka shawarar farawa. Yana kan hanyar shiga tsohon gari daga filin jirgi, mota tana iya kusantarsa, farfajiyar shimfiɗaɗɗiya ce. Hajiya ta yi alwala, ta yi salla, ta zauna ƙarƙashin tsohuwar bishiyar da ke harabar kusan rabin awa ba ta ce uffan ba, tantabaru na ta kewaya ƙafafunmu. Da muka koma mota sai ta ce min, ko nan kaɗai aka tsaya, tafiya ta biya. In ranar Juma'a ce dai, ka san wurin cika yake yi maƙil.

Daga nan sai Sultanahmet. A nan amfanin mota yake ƙarewa, don dandalin na masu tafiya a ƙasa ne, direba zai ajiye ku a gefe ku taka. Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida da Aya Sofiya, wadda aka gama gininta a 537 aka kuma mayar da ita masallaci a 2020, suna fuskantar juna, 'yan mintuna ne tsakaninsu. Layin Aya Sofiya kan yi tsawo. In kun tarar da shi haka, ku wadatu da ɗayan. Fadar Topkapı ka bar ta sai wani zuwan, ita kaɗai tana cin rabin yini, kuma ba a buɗe ta ranar Talata. Babbar kasuwa mai rufi, wato Grand Bazaar, ma a rufe take ranar Lahadi. In da sauran lokaci, ku gangara Eminönü Baba ya tsaya bakin ruwa ya ga jiragen fito suna kai-komo tsakanin nahiyoyi biyu.

Game da direban, ku gama magana a rubuce kafin ku taso: awa nawa, kuɗin ya haɗa da jira da kuɗin hanya ko a'a, a wace ƙofa mai lamba nawa za ku haɗu, kuma me zai faru in jirginku ya makara. Ba su lambar jirgin. Ka ce musu ƙarara ba ka son a biya da ku shagon darduma. An taɓa yi min, ta cinye mana minti 40. Duk inda ya ajiye ku, ka ɗauki hoton lambar motar da na wurin.

Da kai kaɗai ne da ƙaramar jaka, da na ce ka hau jirgin ƙasa na M11, ko ka tambayi rangadin kyauta na Touristanbul da Turkish Airlines ke yi wa masu zangon awa 6 zuwa 24. Amma rukuni ba ya jiran mai tafiyar sannu. Ka faɗa mana ƙarfe nawa za ku sauka da kuma ranar, sai in taya ka tsara awoyin. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Baba.