PSP ko Optimus Prime, ga tawa amsar

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka cewa ka tara 'yan kuɗi kana ta tunanin ko ka sayi PSP ta hannu, wato 'yar na'urar gem ɗin nan ta Sony, ko kuma ka yi odar Optimus Prime, butum-butumin wasan nan na katun ɗin Transformers mai rikiɗa ya koma mota, sannan wai abokinka yana maka dariya yana cewa duk katun ɗin butum-butumi talla ce kawai ta sayar wa yara roba, kuma kana neman wanda zaka fara kallo. Jama'a sun baka amsa a gajarce, ni kuma harkar nan na daɗe a cikinta kuma ina sonta har raina, don haka kayi haƙuri tawa zata ɗan yi tsawo.

In dai kuɗin na abu ɗaya ne, toh ka fara da na'urar gem, butum-butumin ya jira. Ranar da zaka saye shi kuma ka sayi guda ɗaya na asali, kar ka tara jabu. Dalilina zai fito a gaba, amma bari in fara da maganar abokin naka don ita ce ta fi tsaya min.

Gaskiya akan Transformers bai yi ƙarya ba. Kayan wasan sun riga katun ɗin zuwa duniya. Kamfanin Takara na Japan ne yake yin wasu kayan wasa da ake kira Diaclone da Micro Change, sai Hasbro na Amurka ya karɓo su ya haɗe su waje ɗaya ya raɗa musu sababbin sunaye a 1984, aka ƙirƙiro labari aka ɗora a kai. Optimus ɗin da kake so asalinsa wata babbar mota ce ta Diaclone mai suna Battle Convoy, Megatron kuma bindigar hannu ce samfurin Walther P38, Soundwave rakoda ce mai cin kaset. Shi yasa in ka zauna ka yi tunani girmansu baya haɗuwa, ya za'a yi ƙaton shugaban mugaye ya koma 'yar bindigar da wani zai riƙe a hannu? Ai da ma ba gidansu ɗaya ba. A fim ɗin katun na 1986 ma kashe Optimus suka yi don a buɗe wa sababbin kayan wasa kasuwa, yara suka yi ta kuka iyaye suka yi ta ƙorafi, dole aka dawo da shi a 1987. Ko Voltron ɗin da muka taso muna kallo a NTA, zakunan nan biyar masu haɗuwa su zama ƙato ɗaya, asalinsa katun ɗin Japan ne mai suna GoLion na 1981 aka sake masa murya da suna aka yanke wuraren zubar jini.

Amma kace masa ya je ya binciki yadda Gundam, katun ɗin butum-butumi ta Japan, ta faro. A 1979 Yoshiyuki Tomino ya fito da ita, kuma wanda ya ɗauki nauyin shirin kamfanin kayan wasa ne, yana son abu mai launi da yara zasu gani su ce baba saya min. Shi kuma mutumin nan sai ya zauna ya rubuta labarin yaƙi na gaske, yaro ɗan shekara 15 mai suna Amuro an jefa shi cikin injin yaƙi yana jin tsoro, yana ƙin fita fage har sai da aka mare shi, abokan gaba kuma mutane ne masu mata da 'ya'ya ba dodanni ba. Kayan wasan basu yi kasuwa ba, aka datse shirin a kashi na 43 alhali 52 aka tsara. Sai da aka maimaita shi a talabijin matasa suka rungume shi, kamfanin Bandai ya fara fitar da samfuran roba na haɗawa da hannu a 1980, na farkon ma yen 300 ne kuɗinsa, daga nan abu ya bunƙasa har yau. Kaga kenan nan labari ne ya ceci kasuwa. Kafin ita su Mazinger Z na 1972 da Getter Robo na 1974 jarumai ne masu ihun sunan makaminsu kafin su harba, kuma wallahi har yau ina jin daɗinsu, amma Gundam ce ta sa butum-butumi ya zama kayan aikin soja mai lalacewa, harsashi ya ƙare masa, bakanike ya kwana yana gyara.

Na abun kallo kuwa, kar ka bari a tura ka Evangelion a matsayin na farko, duk da kowa ita yake ambata. Ta 1995 ce, kashi 26, tana da kyau ƙwarai, amma an gina ta ne akan mutum ya riga ya san yadda irin waɗannan labaran suke tafiya sannan ta wargaza masa su, kuma tana da nauyi a zuciya. Ka fara da Gundam 0080 War in the Pocket ta 1989, kashi 6 ce kacal, datarka bazata sha wuya ba. Labarin wani yaro ne ɗan firamare da yake ganin yaƙi abun burgewa ne har ya yi abota da sojan abokan gaba, bazan faɗa maka ƙarshen ba, amma ka sa abokin naka ya zauna ku kalla tare sannan ya maimaita maganarsa in zai iya. In kana son na zamani mai zane tsaf akwai Iron-Blooded Orphans ta 2015 akan yaran da aka mayar sojoji a duniyar Mars, wannan kam ba ta yara ƙanana bace, kar ka kunna ta gaban ƙannenka. In kuma nishaɗi da tsuma kake nema sai Gurren Lagann ta 2007, sai dai akwai shigar da bata dace ba a wasu wuraren, ina gaya maka ne don ka sani tun yanzu.

Tunda rikiɗar ce take burge ka, Macross ta 1982 ita ce taka. Shoji Kawamori ya zana jirgin VF-1 Valkyrie yana kallon jirgin yaƙin Amurka F-14, kuma ya zana shi ne yadda kowane ɓangare yake da inda zai tafi, injinan jirgin su sauko su zama ƙafafu, fukafukai su naɗe a baya, hancin jirgin ya sunkuyo ƙasa. Siffa uku gare shi, jirgi, mutum, da wata ta tsakiya, jirgi mai ƙafafu da hannuwa. Har Hasbro sai da ya ɗauki abun wasan nan ya saka shi cikin Transformers da sunan Jetfire.

Toh yanzu dalilin da yasa nace robar ta jira. Daɗin butum-butumi mai rikiɗa a yatsu yake, hoto baya nuna shi. Na asali in ka ɗauko shi kana juyawa zaka ji kowace gaɓa tana da ɗan ƙarfi daidai, ka lanƙwasa ƙafafun Optimus baya su zama bayan mota, ka tura hannuwa su shige gefe, ka juya kai ya ɓuya, gilasan ƙirjin nan su zama gilashin gaban tirela, sannan 'yar haƙorin roba ta shige raminta kaji ƙas, motar ta tsaya cif babu ɓaraka, tayoyi suna taɓa ƙasa gaba ɗaya. Wannan ƙas ɗin ita ake biya wa kuɗi. Jabun da ake zubawa a shagunan kayan yara da shafukan oda masu araha a kwali sak yake da na gaske, amma ka juya gaɓar kafaɗa sau kaɗan zaka ga robar ta fara yin fari a wurin, farin nan alamar ta gaji ce, gaba kaɗan sai ta ɓalle a hannunka kuma gam baya riƙe wurin da yake motsi. Na ga yaro ya yi kuka akan wannan ranar sallah, kuma babansa ba ƙaramin kuɗi ya biya ba. Araha bata ado. Na asalin kuma in ka haɗa kuɗinsa da na jigila zuwa nan da canjin dala, zaka ga ya cinye abun da ka tara, kuma bayan sati biyu ka gama sanin duk sirrinsa sai ya koma kan kanta. Ita kuwa na'urar gem kullum da abun da zata baka.

Idan lokacin ya yi, ka nemi tambarin Hasbro ko Takara Tomy a kwalin, ka ɗauki ajin Deluxe ko Voyager, su ne matsakaita. Kar ka fara da Masterpiece, na manyan masu tarawa ne, tsada ga wuyar juyawa. Kuma ka nisanta shi da taga, ranar garin nan tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa, ƙurar hunturu kuma tana shiga gaɓoɓi ta cinye su a hankali, ni a roba mai murfi nake ajiye nawa. Wani abu kuma, yawancin samfuran Gundam da zaka gani basa rikiɗa, haɗa su ake yi daga farantin roba kana yanko gutsi-gutsi da 'yar filaya kana mannawa ba tare da gam ba. Ajin HG, wato 1/144, tsawonsa wajen santimita 13 ne in an gama. Harka ce mai kwantar da hankali sosai amma daban take da abun da ka tambaya, kar ka yi odarsa kana zaton zai koma jirgi.

Sai maganar PSP. Ka tuna fa a 2004 ta fito, an daɗe da daina ƙera ta, duk wadda zaka gani a kasuwa ta sha hannu ko an sake mata riga. Kafin ka biya ka juya bayanta ka shafa murfin batir da yatsa, in ya ɗan taso ko baya rufuwa da kyau batirin ya kumbura, sai an canja shi. Ka kunna ta ka shiga wuri mai farin allo ka duba ko akwai ɗigo ko layi, ka saki ɗan madannin zagayen nan na hagu ka ga ko abu yana tafiya da kansa a allo, ka danna madannan L da R sau da yawa ka ga ko suna aiki. Ka nemi samfurin 2000 ko 3000, sun fi 1000 rashin nauyi kuma ƙwaƙwalwarsu ninki biyu ce. Memorinta ma nata ne daban, Memory Stick Pro Duo, amma akwai 'yar adafta da ake zura memorin waya a ciki, ka tabbata an haɗa maka da ita. Kuma tsakani da Allah in kana da Android mai ɗan ƙarfi, PPSSPP, manhajar nan mai kwaikwayon PSP a waya da samari suke buga ƙwallo da shi, zai nuna maka yadda gem ɗin PSP suke, ka gwada a nan tukuna ka ga ko irin abun da kake so ne. Ni dai danna gilashi baya gamsar da ni, madanni na gaske nake so a ƙarƙashin yatsa, ga kira yana shigowa ana tsakiyar faɗa, ga cajin waya yana zuba.

Abun da zai haɗa maka soyayyar nan uku, wato gem da katun da butum-butumi, wuri ɗaya shi ne gem ɗin Super Robot Wars. Tun 1991 aka fara shi, kuma a Game Boy aka fara, wato a na'urar hannu aka haife shi, da Gundam da Mazinger Z da Getter Robo a fage ɗaya. Kamar dara ake buga shi, ka matsar da naka gida-gida abokin gaba ya matsar da nasa, babu gaggawa, in an kira sallah ko an aike ka sai ka ajiye ka dawo ka tarar da shi inda ka barshi, kuma duk harin da ka kai sai an nuna maka shi da zane da kiɗan katun ɗin da injin ya fito. Matsalar ita ce waɗanda suka fito a PSP da Japananci suke, haka ma Gundam vs. Gundam Next Plus, sai dai shi wannan faɗa ne na biyu-biyu, ba sai ka iya karatun ba, kwana kaɗan zaka haddace inda ake dannawa, kuma in abokinka na da tasa PSP ɗin kuna haɗawa ba tare da data ba. Mai Turanci a tsofaffin Super Robot Wars akwai Original Generation na Game Boy Advance da ya fito a 2006, amma injinan cikinsa na kamfanin ne, babu Gundam.

Shi yasa in da hali ka ƙara haƙuri ka ƙara tari, Switch Lite ta hannu, na'urar gem ɗin Nintendo, ta fi PSP amfani a yau. Ta 2019 ce, cajarta irin ta wayoyin yanzu ce, in an ɗauke wuta fawa bank mai kyau zai riƙe ka, kuma akwai Super Robot Wars 30 na 2021 da Turanci, ka dai tabbata bugun da ka saya mai Turancin ne. Akwai Daemon X Machina da zaka ƙera injinka da kanka ka zaɓi hannu da ƙafa da makami, akwai Into the Breach, ƙaramin gem ne amma yana cin ƙwaƙwalwa ba wasa. Gem ɗinta ne dai suke da tsada, wannan ka saka shi a lissafi tun kafin ka shiga. Steam Deck, na'urar hannu mai buga gem ɗin kwamfuta da wani ya baka shawarar saya, kam tana buga Armored Core VI na 2023 kuma abun kallo ne, amma kuɗinta ya wuce abun da ka faɗa nesa ba kusa ba, ga nauyi, ga cin caji a manyan gem.

In ka je kasuwa ka samu wadda ta kwanta maka, ka ɗauki hoton bayanta da lambar samfurin da ke ƙasa da kuma allon a kunne ka turo kafin ka miƙa kuɗi, in sha Allahu zan duba maka. Kuma ka roƙi mai shagon ya barka ka buga na minti ashirin ba a jikin caja ba, kana kallon yadda batirin yake sauka.