Amsa: Me mutane suka gani a fim ɗin The Big Lebowski?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalla har ƙarshe amma ba ka gane abin da ya sa ake yabonsa ba, tunda labarin bai kai ko'ina ba. Haka masu kallo da yawa suka ji a 1998 da ya fito, bai ma yi wata kasuwar kirki a Amurka ba. Sai daga baya aka riƙa maimaita shi a gida, har masoyansa suka fara taron shekara-shekara a birnin Louisville na Amurka a 2002.

Labarin satar matar wani attajiri da kuɗin fansa dala miliyan 1 duk hanya ce kawai da 'yan'uwan nan Coen, waɗanda suka rubuta fim ɗin kuma suka ba da umarni, suka bi don su haɗa mu da mutanen. Ka lura da Jeff Bridges, wanda ya fito a matsayin Dude, tauraron fim ɗin: yadda yake jan ƙafa, yadda yake fara magana ya kasa ƙarasawa, shi dai darduma ce damuwarsa. Kamar ba wasa yake ba, alhali kusan kowace kalma a rubuce take.

Ni dai John Goodman, wanda ya fito a matsayin Walter, abokin Dude, shi ne ya fi kama ni. Walter mutum ne da yaƙin Vietnam bai sake shi ba, kullum cikin hargagi, ya ɓata duk shirin da ya sa hannu. Amma dubi wurin zubar da tokar gawar abokinsu Donny a bakin teku, yadda ya rungume Dude yana ba shi haƙuri. Wallahi nan dariya da tausayi suke haɗuwa.

Ka sake kallo, wannan karon ka rabu da neman inda kuɗin suka shiga, ka saurari hirarsu.