Amsa ga ƙanwarmu kan takardun zama a Kanada

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na saurari saƙonki na jiya. Kin ce kina Kanada da takardar izinin aiki ta wucin gadi, saura wata biyar ta ƙare, maigidanki yana da zaman dindindin kuma zai ɗauki nauyinki ke ma ki samu, amma kun rasa ta inda za ku shigar da takardun, ta hanyar cikin ƙasa ko ta waje. Kin kuma ce Mama tana kwance a gida. Allah Ya ba ta lafiya.

To ni a wurina maganar Mama ita ta raba gardama. Hanyar cikin ƙasa sharaɗinta ki kasance kina zaune tare da mijinki a Kanada har a gama. Ba a ce kada ki yi tafiya ba, amma in kika fita aka ƙi barinki ki dawo, shi ke nan, takardun sun tashi a banza, sai a koma farko da sabon kuɗi. Kuma ki tuna takardar aiki daban, bizar shiga daban. Ki buɗe fasfo yau ki duba ranar da bizar za ta ƙare. Mai uwa a kwance ba ta san ranar da za a kira ta ba, kin gane ko?

Hanyar waje kuwa, mutane da yawa ba su san ana binta ko kina cikin Kanada ba. Ana bi. Kuma idan IRCC, wato hukumar shige da fice ta Kanada, ta ƙi amincewa, maigida yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, a sake sauraron maganar. A ta cikin ƙasa babu wannan, sai dai Kotun Tarayya ta duba ko jami'in ya bi ƙa'ida. Aibin hanyar waje ɗaya, in suna son ganawa da ke, za su iya kiranki ofishin biza na ƙasar waje. A da abin da ke jan mutane zuwa ta cikin ƙasa shi ne takardar aiki ta ko'ina, wadda ba ta ɗaure ki da kamfani ɗaya, amma tun 2023 mai bin hanyar waje ma tana iya nema in tana zaune da mijinta a nan. Da ni ce, ta waje zan bi.

Yawwa, ga abin da ya fi damuna, don Allah ki saurara. Shigar da takardun ɗaukar nauyi ba ya ƙara miki ko kwana ɗaya a takardar da ke hannunki. Ki nemi sabuwa kafin ta ƙare, su kansu cewa suke a nema saura aƙalla kwana 30. In kin nema a kan lokaci kuma kina cikin ƙasar, za ki ci gaba da aikinki har amsa ta zo. In kika bari ta ƙare, kwana 90 gare ki ki gyara, kuma a tsakanin nan babu aiki.

Sai tambaya ɗaya, kada ki ji nauyi: ranar ɗaurin aure, ku biyun kuna wurin? Tun 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta waya ko ta wakili ɗayanku ba ya nan. In haka aka yi, ku ga lauya mai lasisi kafin ku cike komai, kuma kada a ɓoye, domin ƙarya a takarda tana jawo hanin shekara 5.

Shi kuma maigida ya sani zai sa hannu ya ɗauki nauyinki shekara 3, ko me ya faru a tsakaninku. Ki turo min ranakun nan biyu ta gefe, ta biza da ta takardar aiki, mu ƙirga tare.